Tambaya da Amsa: Ƙawar da ta rikiɗa Baturiya, da yaron Kance da ya je Landan

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda na taɓo maganar ƙagaggun labarai na tarihi a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa kamar ruwan Agusta, to na zaɓo guda huɗu da naga duk alƙibla ɗaya suka dosa duk da masu su basu san juna ba. Kamar kullum na cire sunaye, gari kawai na bari.

TAMBAYA: Malama barka da aiki. Ni ɗaliba ce, ina yawan karanta nobel na turanci musamman waɗanda aka gina akan tarihin Amurka, to akwai abinda yake ɗaure min kai, wajen sau uku kenan ina cin karo da labari kusan iri ɗaya, mace ce asalinta baƙar fata amma ta fito fara sol, sai ta gudu wani gari tace ita Baturiya ce tayi aure cikin Turawa ta watsar da uwarta da ƙawarta ta yarinta, ko a hanya suka haɗu sai ta kau da kai. Ni wallahi haushinta nake ji, ai butulci ne. Kuma wai in mutum fari ne ai fari ne, meye na ɓoye-ɓoye? Anyi haka da gaske ko marubutan ne ke ƙara gishiri?
Wata ɗaliba, daga Zariya

AMSA: Ƙanwata babu gishiri a ciki, in ma akwai abinda marubutan suka yi to ragewa suka yi. Abinda ya ɗaure miki kai shine kina karanta kalmar fari da idon Bahaushiya. Mu a nan fari da baƙi da wankan tarwaɗa kamanni ne, uwa ɗaya uba ɗaya sai kiga wannan fara wannan baƙa kuma kwano ɗaya suke ci. A Amurkan wancan zamanin kuwa fari matsayi ne da doka ta yanka wa mutum, kuma asali ake bi, ido baya tantancewa.

Tushen abin tun 1662 ne, shekarar da majalisar Virginia tayi doka cewa ɗa uwarsa yake bi, in baiwa ce to shima bawa ne ko da ubangidan ne ya haife shi. Kinga kenan mutum zai yiwa baiwarsa ciki ta haihu, ya lissafa ɗan cikinsa a cikin dukiya har ya iya kai shi kasuwa. 'Yar da aka haifa a haka itama a yi mata haka, jika ma haka, kafin a kai ga tattaɓa kunne sai kiga yarinya mai gashi har gadon baya da ido kamar na mage amma a takarda baiwa ce. An soke bauta a 1865, sai jihohin kudu suka ɓullo da dokokin wariya da ake kira Jim Crow, makaranta daban, tarago daban, asibiti daban, famfon shan ruwa daban, har maƙabarta.

Ki ji wani abu da ya faru a New Orleans ranar 7 ga Yuni 1892. Wani mai ɗinkin takalma, Homer Plessy, ya sayi tikitin jirgin ƙasa ya shiga taragon fararen fata ya zauna. In an kasa jininsa takwas, kashi bakwai na Turawa ne, ɗaya kacal na Afirka, babu wanda zai kalle shi ya gane, dama wani kwamiti na mutanen garin ne ya shirya abin dan a gwada dokar a kotu, saida aka san asalinsa sannan aka kama shi. Maganar ta kai Kotun Ƙoli, a 1896 alƙalai bakwai suka ce wariyar tayi daidai, ɗaya ne kawai ya ƙi. A 1924 Virginia ta ƙara ɗaurewa, tace ba'a kiran mutum fari sai in babu ko ɗigon jinin baƙar fata a tsatsonsa. Da wannan dokar aka shiga har ɗakin kwanan Richard da Mildred Loving cikin dare a 1958 aka kama su saboda shi Bature ita baƙar fata sun yi aure, aka ce ko gidan yari ko su bar jihar shekara 25, sai a 1967 Kotun Ƙoli ta rushe irin wannan doka a jihohi 16 da suka rage da ita. 1967 fa, akwai iyayenmu da sun yi wayo a lokacin.

To yanzu ki sa kanki a matsayin yarinyar. A wannan ɓangaren wankau da goge-goge a gidan Turawa, a wancan ɓangaren aikin ofis ko kanti da gida a unguwa mai kyau, kuma abinda ya raba su kalma ɗaya ce da zata faɗa ko ta haɗiye. Amma ki duba kuɗin da take biya. Uwarta ta rasu bazata je jana'iza ba. Ta samu ciki wata tara bata barci, tana tunanin da wace kala jaririn zai fito. In mijinta ya zauna da abokai suna zagin baƙaƙe dole ta kawo shayi tana murmushi. Ƙawar nan kuwa da kike tausayi, ita kaɗai ce a duk garin ta san sunanta na gaskiya, shi yasa ganinta a titi yake zame mata kamar ganin wuta a ɗakin kara, tana sonta kuma tana tsoronta. Wasu ma sun yi amfani da farin nasu ta wata hanya, Walter White na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, mai shuɗin ido ne duk da asalinsa baƙar fata, haka yake shiga garuruwan kudu a matsayin Bature ya zauna da waɗanda suka kashe baƙaƙe suna bashi labari da bakinsu, ya koma ya buga a jarida.

Bance ki daina jin haushi ba, ciwon wadda aka kau wa kai gaskiya ne. Ni abinda nake dubawa a irin littafin nan shine ita baƙar ƙawar, tana da rayuwar kanta? Tana da miji da bashi da abinda take buri, tana da ranar da take mantawa da waccan kwata-kwata? Ko an ajiye ta ne kawai a bakin ƙofa tana jira dan mai karatu yaji tausayin farar? Da yawa a nan suke faɗuwa, kuma in naga haka ina ajiye littafin.

Sannan kar mu kalli Amurka muna girgiza kai kawai. Gaskiya ne a shari'ar da aka bi a ƙasar Hausa ɗan ƙwarƙwara ɗa ne, yana gado, sarakuna nawa ne 'ya'yan ƙwaraƙwarai, uwar kuma ba'a sayar da ita. Amma muma muna da namu layin, sunansa asali. Sanarwar Gwamna Lugga ta 'yanta yaran da aka haifa bayan ƙarshen Maris 1901, ba'a soke bauta ɗungurum a Arewa ba sai 1936, kuma har gobe kalmar bacucane, wato ɗan bayi da aka haifa a gidan ubangida, bata mutu ba. A unguwarmu akwai 'yan mata biyu da tun daga islamiyya ba'a ganin ɗaya babu ɗaya, yayan ɗayar ya nemi auren ɗayar, har an kai gaisuwa, sai aka fita bincike wata tsohuwa tace ai kakar yarinyar cucanawan gidan wane ce, shikenan magana ta mutu. Ba'a yi faɗa ba, ko musayar yawu ba'a yi ba. Abinda na gani da idona shine mayafin da ƙanwar saurayin ta ara tun kafin abin, ta ninke shi ta sa a leda ta ba wani yaro ya kai, gida huɗu ne tsakaninsu amma ta kasa takawa. Dukansu biyun kalarsu ɗaya.

TAMBAYA: Salam Malama. Ni tambayata gajera ce, mutum ya ɗauki sarki ko malamin da ya rayu da gaske ya sa masa magana a baki wadda bai faɗa ba, wannan ba ƙarya ba ce? Ina son irin littattafan amma zuciyata bata natsu ba.
Wani mai ɗinki, daga Zangon Kumasi

AMSA: Ɗan'uwa fatawa ta malamai ce, ni ta ɓangaren rubutu zan amsa. Bahaushe ya daɗe da raba ƙarya da ƙage, mai tatsuniya da ta gama sai tace ƙurunƙus, ba dan gizo ba da nayi ƙarya, kowa a tsakar gidan ya san yarjejeniyar da aka zauna a kanta. Littafin da aka rubuta a bangonsa cewa ƙagaggen labari ne shima ya faɗi nasa ƙurunƙus ɗin tun a ƙofa. Kuma ba baƙon abu bane a wajenmu, gasar rubutu da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ita ta haifar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka raba da uwarsa aka ƙetara Sahara dashi ya tashi a hannun Balarabe, uwar ta bi sawunsa. Kaga maganar wane ne ni kuma ina ne gida tana cikin littattafanmu na farko-farko.

Amma damuwarka tana da tushe, kuma inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari shine mutuncin mamaci. Wanda ya rayu da gaske yana da jikoki da suke tafiya a kasuwa yau, bai dace marubuci ya ƙaga masa zina ko sata ko cin amana dan labari yayi daɗi ba. Shekara da gari da wanda yaci yaƙi basa canzuwa. In ana son kuka da soyayya da munafunci to a ƙirƙiro mai ɗaukar sirdin sarki ko jakadiya ko ɗan mai dukan kanwa a ɗora musu, shi sarkin ya wuce ta gefe akan dokinsa yana yin abinda tarihi yace yayi. Kuma shafi ɗaya a ƙarshen littafi inda marubuci zai ce wannan ya faru wannan ni na ƙaga, baya cin komai.

TAMBAYA: Malama ina gaisuwa. Na gama lise, wato sakandare, bara, ina zaune ina jiran jami'a, inaso in rubuta nobel na tarihi akan abota tsakanin yaro Bahaushe da yaro Bature a zamanin mulkin mallaka. Na rubuta babi uku amma duk sanda na karanta sai inji kamar fim ɗin Amurka ne na sa wa hula da babbar riga, Baturen kirki yana ceton baƙi, baƙi yana godiya. Ya zanyi ya zama namu?
Wani matashi, daga Damagaram

AMSA: Ƙanena kunnenka lafiya lau yake tunda ka ji wannan da kanka, wasu sai sun buga littafi ma basu ji ba. Kuma wallahi naji daɗi da naga daga Damagaram kake, domin labarin da kake nema yana bayan gidanku.

A wajajen 1840 aka haifi wani yaro a Dambanas kusa da Kance, sunansa Dorugu. Mahara suka kama shi yana ƙarami, daga hannu zuwa hannu har Kukawa babban birnin Barno. A can wani Bajamushe mai suna Adolf Overweg ya fanshe shi, shi da wani yaro ɗan Margi da ya ɗan girme shi, Abbega. Overweg ya mutu a bakin tafkin Chadi a Satumba 1852, sai yaran suka koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda a ƙasashenmu aka sani da Abdulkarim. Ƙarshen shekarar suka bar Kukawa, suka bi ta Damagaram ɗinku, Katsina, Wurno, Sakkwato, Gwandu, suka ƙetare Kwara a Sayi, suka shiga Tambutu a Satumba 1853 inda Shaihu Ahmad al-Bakka'i ya tsaya ya kare baƙon daga masu neman ransa wata da watanni. Suka juyo ta Kano zuwa Kukawa, a 1855 suka ƙetara Sahara ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus, suka hau jirgin ruwa, Satumba 1855 suna Landan. Yaron da watakila bai cika shekara goma sha shida ba.

A Ingila suka zauna wajen wani ɗan mishan, James Frederick Schön, mai nazarin Hausa. Dorugu ya zauna yana bashi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da bakinsa shi kuma yana rubutawa, da wannan taimakon ya fitar da nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, labarin Dorugu kuma yana cikin Magana Hausa na 1885, wanda yake cikin tsofaffin rubutun zube na Hausa da harafin boko. Anyi musu baftisma a 1857, aka kira Dorugu James Henry aka kira Abbega Frederick Buxton. A shekarar Abbega ya dawo Afirka, daga baya har aka naɗa shi sarautar Lakwaja a 1896. Dorugu bai dawo ba sai 1864, yayi tafinta, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar da Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, ya rasu a Kano a 1912.

To ka ga inda kuskuren babi ukun ka yake? Ka ɗauka abotar da zata ɗauki labari dole ta zama tsakanin fari da baƙi saboda haka ka saba gani a fim. Ni a nan abotar da take kirana itace ta yaran biyu. A Kukawa ba ɗaya suke ba sam. Ɗaya Bahaushe ne da aka kamo daga yamma, ɗaya ɗan Margi ne daga kudancin Barno, mutanen da ake kaiwa hari ana kira da sunan da kai ma ka sani, harshensu daban, kuma kowa a kasuwa da ya ji bakinsu ya san bambancin. Babu wanda zai ce musu baƙaƙe a Kukawa, to Shehun ma wace kala ce dashi? Sai da suka sauka daga jirgi a Ingila sannan duk wannan ya goge a idon masu kallo, ba Hausa ba Margi ba Barno, yara biyu baƙaƙe kawai da ake leƙowa ta taga ana nunawa. Ranar da mutum ya fara gane cewa an sa masa sabon suna wanda ba'a tambaye shi ba, kuma wanda jiya yake ganin bare ne yau shine kaɗai ɗan'uwansa a duk tsibirin, wannan ranar ita ce tsakiyar littafinka.

Ka zauna ka yanke da wane harshe suke hira in an kashe fitila, Barbarci da suka koya a bauta ko Hausa, kuma wa yake gyara wa wa. Ka yanke wa ya fi saurin iya cokali mai yatsu da wuƙa, kuma ɗayan ya ji haushi ko ya ji alfahari. Sanyin Disamba na farko, wa ya fara tsagewar leɓe. In an kira James Henry a tsakar gida, daƙiƙa nawa yake yi kafin ya tuna dashi ake. Maganar baftisma kar ka tsallake ta dan kunya kuma kar ka tsaya kayi wa'azi a kanta, yara ne a hannun wanda yake ciyar dasu a ƙasar da basu san kowa ba, ka nuna mana ɗakin da mutanen da suke ciki, mai karatu yana da hankali. Sannan rabuwar 1857, wannan wajen ka daɗe a kai. Ɗaya ya ɗaure kayansa zai koma, ɗaya zai zauna shekara bakwai shi kaɗai, daga ranar babu wanda zai yiwa Hausa sai dattijon Bature mai alƙalami a hannu yana cewa maimaita, ya ake faɗa. Harshen uwarka ya koma abinda ake aunawa ana zubawa a ƙamus. Ni in na tuna wannan sai inji ƙirjina yayi nauyi.

Shi kuma Abdulkarim kar ka mayar dashi mala'ika kuma kar ka mayar dashi shaiɗan. Mutum ne da ya koyi Hausa da Barbarci da Fillanci, ya ga harin bayi da idonsa a ƙasar Musgu ya rubuta ƙyamarsa. Amma shi ke kan doki su ke ɗaukar kaya, shi ke yanke inda za'a kwana, sunansa ne akan mujalladai biyar da suka fito a 1857 da 1858. Ana iya samun ƙauna ta gaskiya tsakanin yaro da maigida, mu Hausawa mun san wannan sarai, amma mun kuma san wa yake durƙusawa in za'a gaisa. In ka rubuta su suna dafa kafaɗar juna kamar 'yan aji ɗaya, ka koma fim ɗin da kake gudu.

Kuma dawowa, kar ka ɗauka ƙarshen farin ciki ce kai tsaye. Mutum ya bar gida yana yaro da igiya a wuya, ya dawo da kwat da turanci da sunan Nasara, ya ƙare yana koyar da boko a garin da mutane da yawa suke gudun bokon. A Ingila Bahaushe ne, a Kano kuma me yara suke kiransa in ya wuce? Wannan kai zaka ƙaga, kuma ka faɗa a ƙarshen littafi cewa kai ka ƙaga. Tunda jiran jami'a kake, ka hau mota kaje Kance, ka ga ƙasar da bishiyoyin, ka ji yadda tsofaffi suke furuci, kwana biyu a can ya fi maka wata guda a intanet.

TAMBAYA: 'Yata sallama. Jikata ce take karanta min mujallarku a waya kuma ita take rubuta wannan. Kakana yana cikin waɗanda suka biyo Mai Wurno bayan Burmi. An haifi ubana a nan, an haife ni a nan, na haura saba'in. Ina da amini Balarabe maƙwabcina, sama da shekara hamsin muna tare, shi ya riƙe min gona da na tafi hajji, ni na wanke ubansa. Amma har yau in rai ya ɓaci a kasuwa sai kaji ance Fallati, sunan da ake kiran irinmu masu asali daga yamma. Sau ɗaya naje Kano ziyara, can kuma suka ce Basudane, wai Hausata ta Larabawa ce. Jikata tace kina maganar littattafan da ake rubuta tarihin mutane kamar labari. To mu wa zai rubuta namu?
Wani dattijo, daga jihar Sinnar, Sudan

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Allah ya kawo muku ƙarshen wannan yaƙi da ya taso tun Afrilu 2023, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Saƙonku na karanta shi sau uku kafin na iya ɗaukar biro.

Bari in ɗan yiwa yaran da basu sani ba bayani, ku gafarce ni ina faɗin abinda kuka fi ni sani. Turawa sun ci Kano a Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya fita hijira ya nufi gabas, jama'a suka riƙa barin gonaki da gidaje suna binsa, har aka yi gamon ƙarshe a Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, ranar 27 ga Yuli 1903, ya yi shahada tare da ɗaruruwa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar suka ci gaba da tafiya har bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, garin da suka kafa har yau sunansa yake amsawa. Dama kuma hanyar ba sabuwa ba ce, alhazan ƙafa sun daɗe suna bi ta Barno da Wadai da Fashir da Ubayyid zuwa Sawakin, wani ya tsaya noma shekara biyu dan ya tara guzuri sai shekara biyun ta zama rayuwa. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, hannun mutanenmu yana cikin waɗanda suka ɗauke aikin.

Abinda yake ci min rai Baba shine dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta sa sharaɗin cewa kakannin mutum ta wajen uba su kasance mazauna ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Burmi kuwa 1903 ce. Shekara shida kacal, amma shekara shidan nan sun bar mutanen da aka binne cibiyarsu a nan suna neman shaida. An sassauta dokar daga baya, amma kalmar da take fita a kasuwa bata bi doka ta canza ba, kuma mun ga rikicin da ya faru tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a jihar Shuɗin Nilu a Yulin 2022 akan ƙasa da sarauta, rayuka suka salwanta, mutane suka bar gidajensu.

Kun tambayi wa zai rubuta. Baba wadda ta rubuto min wannan saƙon tana zaune kusa daku da waya a hannu. Marubuci daga Kano zai iya samo shekarun da na lissafa a littafi, amma bazai taɓa samo cewa kun wanke uban amininku ba, kuma irin wannan ne yake riƙe labari. Hausar taku da aka ce ta Larabawa ce, kar ta gyara muku ko kalma ɗaya, yadda kuke cakuɗa ta da Larabci haka za'a rubuta, domin tafiyar kakanku tana cikin bakin naku.

Ke kuma 'yar ƙanwata mai rubutu, ki kunna rikoda ki ajiye wayar a gefen tabarma kar ki riƙe masa a baki. Ki tambaye shi me kakansa ya ɗauko daga gida da ya iso dashi har nan, allo ne ko tasa ko irin dawa. Ki tambaye shi ranar suna a gidanku me ake dafawa, tuwo ko kisra ko duka biyun, kuma wanne ake kaiwa maƙwabta. Ki tambaye shi a daren da ya kwana a Kano bayan ance masa Basudane me ya raya a ransa. Tambaya mai wuyar kuma ki barta sai ya sha shayi ya saki jiki: a shekara hamsin ɗin nan an taɓa cewa Fallati a gaban amininsa? In an taɓa, me aminin yayi, yayi magana ko yayi shiru, kuma washegari wa ya fara zuwa ƙofar wa?

In aminin yana kusa Baba, ku aika a kira shi gobe bayan la'asar, a shimfiɗa masa a gefenku, shima a ɗauki tasa muryar, ku fara daga ranar da kuka fara haɗuwa ko da kowa zai faɗi tasa shekarar daban.